Ina son ƙwarewa a kan kansar mata: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni likita ce, ina bautar ƙasa a Zamfara. Matan da ake kawo mana da kansar bakin mahaifa, yawancinsu sai ciwo ya ci jiki, mu kuma iyakarmu ƙarin jini da takardar turawa Sakkwato. Ina son in ƙware a wannan fanni. Ta ina zan fara, shekara nawa zai ci, kuma dole ne sai na fita waje? Daga wata likita a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Dakta. Allah ya cika miki wannan buri, don yankinmu na matuƙar buƙatar irinki.

Ba a shiga wannan horo daga bautar ƙasa kai tsaye, sai kin zama ƙwararriyar likitar mata da haihuwa tukuna. Za ki fara da jarrabawar share fage ta NPMCN, kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko ta WACS, kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma, kuma tun yanzu ya kamata ki kama karatunta. In kin ci, sai ki nemi gurbin residensi, wato horon ƙwarewa a asibiti. Kafin ki karɓa, ki tambaya ko kwalejin ta amince wa sashen mata na asibitin ya yi horon gaba ɗaya, ko rabi ne sai an tura ki wani wuri ki ƙarasa. Residensi kan ci kamar shekara 6, da jarrabawa biyu da kundin bincike. Horon kansar mata kuma shekara 2 ne ko 3. Ki ƙiyasta shekara 8 zuwa 9, in yajin aiki ko maimaita jarrabawa ba su ƙara ba.

Abin da zai raba ki da sauran masu nema shi ne hannunki a tiyata. Aikin kansar bakin mahaifa ya wuce cire mahaifa na yau da kullum: ana haɗawa da naman da ke gefenta, da saman farji, da kaluluwar ƙugu. Bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda yana bi ta ƙarƙashin jijiyar jinin mahaifa, kamar santimita 2 daga bakin mahaifar, kuma sai an bi shi a hankali an ware shi. In aka ji masa rauni, mace ta tashi da yoyon fitsari a kan ciwon da ya kawo ta. Kansar ƙwan mace kuwa takan kai ki har ga hanji. Saboda haka zagayen da za a tura ki sashen tiyata da na mafitsara, kada ki ɗauke shi hutu. Ki riƙa rubuta kowane aiki, wanda kika yi da wanda kika taimaka. Kundinki ma ki yi shi a kan ciwon kansa.

Za kuma ki koyi lokacin da ba a sa wuƙa. Ciwon da ya bazu gefen mahaifa maganinsa gashi ne (radiotherapy), na waje da na ciki, tare da maganin kansa na cisplatin duk mako, a gama cikin mako 8. Wata babbar ɓarna ita ce a cire wa mai zubar jini mahaifa ba a duba bakinta ba, a yanka ta tsakiyar ƙari.

Fita waje ba dole ba ne. Ƙungiyar likitocin kansar mata ta duniya, IGCS, ta fara wani shiri a 2017 na shekara 2, inda likita ke koyo a yankinsa, malamai daga waje suna zuwa, ana tattauna marasa lafiya ta bidiyo duk wata, a ƙarshe a yi jarrabawa. Ana yin sa a Kumasi da Eldoret da Kampala, ya kuma iso Najeriya. Afirka ta Kudu na da nata na shekara 2. Ingila na neman MRCOG, shaidar kwalejin likitocin mata ta can. Amurka ta fi tsawo: jarrabawar lasisin likita ta USMLE, sake residensi na shekara 4, sannan horon. Ziyarar kallo ta wata uku kuwa tana da amfani, amma ba ta mayar da mutum likitan tiyatar ciwon kansa. Duk inda za ki, ki tambayi wanda ya gama kwanan nan aiki nawa ya yi da hannunsa, kuma ko na'urar gashi na aiki.

Maganar dawowa ki gama ta kafin tafiya. Ki karɓi hutun karatu da albashi a rubuce, ki karanta sharaɗin shekarun da za ki yi wa asibitinki aiki. Ki nemi alkawarin ranar tiyata, da jini, da likitan da zai karanta naman da kika ciro, don in babu waɗannan hannu zai yi sanyi. Ki ƙulla zumunci da sashen gashi na asibitin koyarwa na UDUTH a Sakkwato da sashen kansar mata na asibitin koyarwa na ABUTH a Shika, Zariya. Gida ma a zauna a yi shawara da maigida ko iyaye, don shekarun na haihuwa da goyo ne.

Kafin nan, duk matar da ta zo da jini bayan saduwa ko bayan ɗaukewar al'ada, ki duba bakin mahaifarta da idonki, in kin ga abin zargi ki ɗebi nama a kai gwaji. Ki kuma tuna wa iyaye rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo kansar bakin mahaifa, da aka fara a Oktoban 2023 don 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14.