Amsa ga mai tambaya kan kwas da bita bayan an kama aikin walwalar jama'a

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Tun jiya na ga tambayarki, sai yanzu Allah ya bani zama. Kin ce shekararki uku da gama digiri kina aikin walwalar jama'a, kullum ana turo miki tallan kwas da taron bita, wasu kyauta wasu na kuɗi, kin rasa wanda zaki bi, har kin fara tunanin ko duk tara takarda ne kawai tunda aikin ai a bakinsa ake koyo. Toh ni dai shekarata 14 a cikin aikin nan, kuma ina da wata jaka da na cika taf da satifiket, bari in gaya miki abinda idona ya gani.

Rabin maganarki gaskiya ne. In na zazzage jakar nan yau, waɗanda suka canza yadda nake zama da mutum basu fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Sauran mun je ne mun zauna, an haska mana rubutu a bango har muka fara gyangyaɗi, mun sa hannu a takardar halarta, an ɗau hoto, wasu ma tsakani da Allah alawus ɗin ne ya kai su. Amma ɗaya rabin shine nake so ki yi hattara da shi, domin abinda aka koya mana a makaranta yana tsufa, kuma ranar da ya tsufa babu mai aiko miki da sanarwa.

A shekarata ta biyu da fara aiki aka tura ni wurin wata mata da gobara ta cinye musu gida, ɗanta ƙarami ya rasu a ciki. Abinda na sani a lokacin shine a sa mutum ya amayar da abinda ke cikinsa tun da zafinsa, ya bada labari daki-daki, wai hakan ne zai hana abin ya zauna masa a rai. Haka na tasa ta gaba da tambaya, ina kike lokacin, me kika fara ji, me kika gani da kika juyo. Tana ta murza gefen rigarta tana kallon ƙasa, can ta ɗago ta ce min "dan Allah ki barni haka." Ni kuma da rashin sani na koma ofis na rubuta a fayil cewa ta ƙi bada haɗin kai. Sai bayan wajen shekara biyu da naje wani horo kan agajin farko na kwantar da hankali na ji cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora tun 2011, kuma bata goyon bayan wannan tatsar labari ta zama ɗaya da ake yiwa wanda masifa ta faɗawa, saboda bincike bai nuna tana hana ciwon firgici ba, wasu ma ƙara musu take yi. Abu uku jagorar ta tsaya a kai, ki duba, ki saurara, ki haɗa mutum da abinda yake buƙata. Matar nan abinda ke gabanta ranar shine inda zata kwana da kuma wa ke riƙe da ɗaya yaron nata, ni kuwa ina can ina neman labari. Wallahi a wurin horon nan kasa ɗaga kai nayi. Digirina bai yi min ƙarya ba, ilimin ne ya matsa gaba ya barni a tsaye, kuma da a ce a bakin aiki kaɗai nake koyo da har yau haka zan dinga yi ina ganin ƙwarewa ce.

Kafin ki fidda ko sisi, fara sanin abinda hukumar da ke yi muku rajista ko bada lasisi take karɓa, in akwai ta a inda kike, don tsarin ya bambanta sosai. A Amurka kowace jiha da nata, awannin da mutum yayi a kwas ake ƙirgawa, misali Kalifoniya awa 36 duk shekara biyu, Niyok kuma awa 36 a shekara uku, kuma ba kowane mai koyarwa ake yarda da takardarsa ba. A Ingila tun da hukumar Social Work England ta karɓi ragamar rajista a Disambar 2019 basu damu da awa ba, abinda suke nema tun ƙarshen 2021 shine duk shekara kafin ƙarshen Nuwamba ki rubuta aƙalla abu biyu da kika koya da yadda ya taɓa aikinki, ɗaya daga ciki kuma dole ya zama kin tattauna shi da abokin aiki. Ni tsarin Ingilan nan yafi kwanta min, don awa 36 mutum na iya cinye ta yana latsa waya a bayan aji. A ƙasashe da yawa kuma babu mai tilasta miki komai, wanda a ganina yafi haɗari, tunda sai ki shekara goma baki buɗe komai ba kuma babu mai tambaya.

Yadda nake zaɓa yanzu kuwa, bana farawa daga tallan, daga kes nake farawa. Ina da ƙaramin littafi da duk kes ɗin da ya hana ni barci nake rubuta layi biyu a kansa ba tare da suna ba, abinda ya faru da inda na kakare. In wata uku suka cika na duba, zaki sha mamakin yadda abu ɗaya ke ta maimaita kansa. Wata shekara da na duba sai naga kusan duk inda na kakare akan masu shaye-shaye ne, in yi ta wa'azi suna "toh, toh, in sha Allah" su tafi basu dawo ba. Shi ya sa na nemi horo kan salon hirar nan ta zaburar da mutum ya nemo dalilin canjinsa da bakinsa, wadda masanin halayyar ɗan adam William Miller ya fara rubutu a kanta a 1983. Kwana biyu muka yi, na fito ina jin na zama gwana.

Bayan sati uku shugabata a wurin aiki ta nemi izinin wani matashi da nake gani ta zauna a gefe da biro da takarda, bata ce uffan ba har muka gama. Da ya fita ta miƙo min takardar, ta ja layi biyu, a ɗaya tana sa alama duk sanda na bashi shawara ko na katse shi, a ɗayan duk sanda na maimaita masa abinda ya faɗa don ya ji kansa. Layin farko ya cika har ta juya baya, na biyun alama uku ne kacal. Ta ce "kalmomin kin haddace su, bakinki ne bai san an je kwas ba." Naji haushi ranar, ba zan ɓoye miki ba. Daga baya na gano ba ni kaɗai bace, shi kansa Miller ɗin da abokan aikinsa sun yi bincike a 2004 suka ga waɗanda bita kawai suka halarta cikin 'yan watanni suna komawa gidan jiya, waɗanda aka ci gaba da duba aikinsu ana gyara musu su ne abin ya zauna musu. Wata shida muka yi tana zama min sau ɗaya a wata kafin layukan nan su fara daidaita. Don haka duk kwas ɗin da za a tallata miki ki tambaya, za a sa mu gwada da bakinmu a gaban mutane ana gyara mana? Bayan an watse akwai mai bibiya? Shi mai koyarwar yaushe rabonsa da zama da mai matsala ido da ido? In amsar duk babu ce, ki je in kyauta ne kuma kina da lokaci, amma kar ki sa rai.

Wannan ne ya kawo ni kan zaman duba aiki da na gaba da ke, wanda a wurina yafi kowane satifiket. Wani malamin jami'a a fannin walwalar jama'a, Alfred Kadushin, tun 1976 ya kasa shi uku, akwai na gudanarwa, akwai na koyarwa, akwai na tallafawa ma'aikaci. Matsalar ita ce yawancin ofisoshi na farkon kaɗai suka sani, ina rahoto, ina fom, me ya sa baki rufe fayil ɗin nan ba. In taki ogar irin wannan ce kar ki zauna jira, ki nemi mutum uku ko huɗu da kika yarda da amanarsu ku dinga haɗuwa sau ɗaya a wata, mutum ɗaya ya kawo kes guda a cire suna da duk abinda zai sa a gane mai shi, sauran suyi ta tambaya kafin kowa ya bada shawara. Namu ya kai shekara shida yanzu, a nan ne ma wata ta koya min tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, abinda da nake kewaye-kewaye a kansa don tsoron kar in saka masa tunanin, alhali bincike ya nuna tambayar bata saka shi.

Ɓangaren da mutane suka fi rainawa shine ladubban aiki, ana ganin ai mun san sirri mun san amana. Mun sani, amma lokacin da aka koya mana babu wayar da ke ajiye hoto da kanta. Na taɓa ganin abokiyar aiki ta tura hoton raunin wani yaro cikin zauren WhatsApp na ma'aikata don neman shawara, niyyarta kyakkyawa, amma cikin minti ɗaya hoton ya sauka a wayoyi kusan ashirin, wayoyin da yara ke ɗauka suyi wasa a gida. Ba banza ba ƙungiyar ma'aikatan walwalar jama'a ta Amurka, wato NASW, ta gyara kundin ladubbanta a 2017 don shigar da batun fasaha, a 2021 kuma ta ƙara batun kula da kai na ma'aikaci, ita ma tarayyar ma'aikatan walwalar jama'a ta duniya, wato IFSW, ta sabunta nata a 2018. Ki sauke na IFSW ɗin, gajere ne, zama ɗaya zaki gama shi.

Maganar kuɗi kuma, akwai na kyauta masu kyau a intanet, shafukan kwas na Agora na UNICEF da Kaya sune na fi amfani da su, musamman kan kare yara da tafiyar da kes. Sai dai a nan ma mutum na iya danna gaba-gaba har satifiket ya fito bai karanta layi ɗaya ba, nima nayi, ba sau ɗaya ba. Dabarata yanzu ita ce bana fara wani sai na rubuta abu ɗaya tak da zan gwada a satin daga wanda na gama. Kuma ki guji masu cewa cikin kwana uku zaki fito ƙwararriyar mai warkar da ciwon firgici, kwana uku zai koya miki gane alamu da sanin lokacin tura mutum wurin ƙwararru ne kawai, wanda ya wuce nan da takardar kwana uku zai illata mutane. Mastas kuwa in koyarwa ko bincike ko shugabanci kike hange ki yi, tana buɗe ƙofa, amma bata maye gurbin wanda zai zauna a gefenki da biro.

Ni a shekarar nan littafina tsofaffi masu ciwon mantuwa yake ta nuna min, iyalai na kawo su ina rasa ta inda zan fara da masu jinyar da suka gaji, don haka can na dosa. Baki faɗi ɓangaren da kike ba, yara ne ko asibiti ko gidan gyaran hali ko sansanin 'yan gudun hijira, ki faɗa min tare da kes biyu da suka fi tsaya miki a rai, ba suna ba gari, sai mu ga wanda ya kamata ki fara nema.