Kifi ma yana buƙatar ɗakin haihuwa

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce ka gani a intanet Turawan Amurka suna zuba duwatsu a ƙarƙashin kogi don kifi ya sami wurin saka ƙwai, kana tambaya ko mu ma mu yi haka a nan Argungu, kuma ko hana kamun kifi da ake yi a kogin Matan Fada kafin fashin ruwa, wato ranar da ake buɗe ruwan kowa ya shiga, camfi ne kawai na mutanen da. Tambayar ta yi mini daɗi, don samari ba su cika tambaya ba yanzu.

Abin da ka gani gaskiya ne. A kogin Ditiroyit, tsakanin Amurka da Kanada, an yashe ƙasan ruwa shekaru da yawa da suka wuce don manyan jiragen ruwa su wuce, aka kwashe duwatsun da kifinsu ke saka ƙwai a kai. Tun daga 2004 suka fara mayar da duwatsu, kifin kuwa ya dawo yana saka ƙwai a tsakaninsu. Wasu wuraren ma yashi ya sake binne duwatsun. To ka tuna da Gulbin Kabi, yashi da laka ne daga sama har ƙasa. In ka zuba tifa goma ta dutse, damina ɗaya ta ishe ta ɓata.

Kuma kifinmu yawancinsa ba ɗan dutse ba ne, ɗan fadama ne. Tarwaɗa sai ruwa ya yi ambaliya ya shiga ciyawa take bi da dare ta watsa ƙwanta. Karfasa rami take haƙawa a yashi, uwar ta kwashe ƙwan ta riƙe a baki har su ƙyanƙyashe. Bargi kuwa, Allah mai iko, gida yake ginawa. Ina yaro kakanka ya tsayar da kwalekwale a cikin burugu, ciyawar nan ta fadama, ruwa bai wuce gwiwa ba, ya nuna mini wani da'ira kamar faifai babba, an share tsakiyarsa tas, an tara ciyawa a gefe kamar katanga, 'ya'yan sun yi baƙi a ciki, uban yana kewayawa. Na ɗaga homa, ya riƙe mini hannu. Ya ce in na kama wannan ɗaya, na kashe dubu. Har yau ina jin zafin riƙon nan.

Wannan shi ne asalin al'adar da kake tambaya. Sarkin Ruwa da Makwashe, masu kula da ruwan, ba don son iko suke rufe ruwa ba. Ana barin kifi ya haihu ya girma, sannan a buɗe rana ɗaya kowa ya shiga da gora da homa. Akwai abubuwan gargajiya da aka haɗa da gyaran ruwa a da, wasunsu malamai sun yi magana an bari, kuma ban yi kewarsu ba. Amma hanin kansa hikima ce. Ba don shi ba, da wace giwan ruwa za a nuna wa Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da ya zo a 1934, har bikin kamun kifi na Argungu ya kai hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin al'adun gargajiya na duniya a 2016?

Abin da ya canza shi ne ruwan. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978, sannan ta Goronyo, ambaliya ba ta zuwa yadda muka saba, fadamun da kifi ke haihuwa an mayar da yawancinsu gonakin shinkafa. Ban zargi manomi ba, ni ma shinkafar nake ci. Wanda nake zargi shi ne mai jan taru da gidan sauro yana kwashe 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba, da mai zuba maganin ƙwari a tafki. Wannan zalunci ne, a gaban kowa zan faɗa.

In ku samari kuna son yin aiki, ku je wurin Sarkin Ruwa ku nemi a keɓe tafki ɗaya ko biyu da ciyawarsu, kada a nome, kada a jefa koma har kaka ta wuce. Kuna iya nitsar da rassan itace a ciki don ƙanana su sami maɓoya, masuntan Jamhuriyar Benin sun daɗe suna yin haka. Ka zo cikin watan Agusta, in Allah ya kai mu, mu shiga burugu da sassafe in nuna maka gidan bargi da idonka. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.