Wace manhaja zan ɗora shafin kasuwancina a kai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da kekunan ɗinki da kayan gyaransu, kuma yawancin cinikina ta WhatsApp da Facebook nake yin sa. Yanzu ina so in buɗe shafin intanet na kaina, inda zan jera kayana, in kuma riƙa rubuta bayani kan yadda ake kula da keke, domin tambayoyin da masu saye ke yi mini kullum iri ɗaya ne. Wani matashi ya ce zai gina mini da WordPress, in biya shi kuɗin aiki, sannan in riƙa biyan wani abu duk shekara. Ƙanina kuma ya ce ɓarnar kuɗi ce, in shiga Wix ko Blogger in yi da kaina kyauta. Ta yaya zan auna waɗannan manhajoji kafin in zuba kuɗina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na ji daɗin cewa ka tsaya tambaya tun kafin ka biya, domin mafi yawan waɗanda ke zuwa wurina da wannan magana suna zuwa ne bayan kuɗi ya riga ya fita, shafin kuma ya tsaya cak.

Abin da ake kira shafi a dunƙule, a gaskiya abubuwa uku ne daban-daban, kuma kowanne yana iya kasancewa a hannun mutum daban. Akwai suna, wato adireshin da mai saye zai rubuta ya same ka, wanda hayarsa ake yi shekara-shekara daga kamfanin rajista. Akwai masauki, wato kwamfutar wani kamfani da ke kunne dare da rana tana ajiye hotunanka da rubutunka. Sannan akwai manhajar da ke tafiyar da shafin, wadda ita ce ke ba ka damar shiga da kalmar sirri ka rubuta, ka ɗora hoto, ka canza farashi, ba tare da ka san yaren kwamfuta ba. Tambayarka a kan ta ukun take, amma ba za a iya auna ta ba sai an haɗa da biyun farko.

Waɗannan manhajoji gida biyu ne. Gida na farko shi ne na buɗaɗɗun manhajoji, waɗanda kowa ke iya ɗauka kyauta ya girka a masaukin da ya ga dama: WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003, da Drupal da ta fito a 2001, da Joomla ta 2005, da Ghost ta 2013. Gida na biyu shi ne na kamfanonin da ke haɗa maka manhaja da masauki a ƙunshi ɗaya su ba ka haya, irin su Wix da Squarespace da Shopify, da kuma Blogger, wadda Google ya saya a 2003. Matashin nan gida na farko yake kai ka, ƙaninka kuma gida na biyu, kuma kowannensu yana da gaskiyarsa.

Ma'aunin da nake sa wa gaba da komai, tun kafin kyau da sauƙi da araha, shi ne wannan: ranar da ka so barin manhajar, da me za ka fita? Ka yi tunanin shekara uku nan gaba, ka rubuta bayanai tamanin kan gyaran keke, ka ɗora hotuna ɗaruruwa, Google ya fara turo maka mutanen da ke neman dalilin da ya sa zare ke tsinkewa. Wannan tarin rubutu ya zama jari, kuma ya fi adon shafin daraja nesa ba kusa ba. A WordPress akwai maɓallin da zai sauke maka dukan rubutunka a fayil guda, kuma idan masaukin naka ne kana iya kwashe shafin ɗungurungum, da hotuna da ma'ajiyar bayanai, ka kai wani kamfani ka ci gaba kamar ba a yi komai ba. Blogger ma tana barin ka sauke rubutunka. Wix kuwa ba ta ba da hanyar ɗauke shafin da aka gina a cikinta a kai shi wani masauki, domin ginin ba ya aiki sai a kan kwamfutocinta. Wanda ya so tashi, sai ya sake gini daga tushe. Wannan ba zamba ba ce, tsarin kasuwancinsu ke nan, kuma ba su ɓoye shi ba, amma wajibi ne ka san shi kafin ka shiga. Ka kuma tuna cewa masaukin kyauta yana iya rufewa duk ranar da mai shi ya ga ba ya kawo masa riba. Yahoo ya rufe GeoCities a 2009 da ɗimbin shafukan mutane a ciki, kuma an rufe Posterous a 2013, shekara guda bayan Twitter ya saye shi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Amma kada ka ɗauka cewa zaɓen WordPress kaɗai ya ba ka mallaka. Na taɓa zama da wani ɗan kasuwa da ya biya aka gina masa shafi mai kyau, ya buga adireshin a katinsa da rasit ɗinsa da jikin motar da ke kai masa kaya. Bayan shekara biyu shafin ya ɓace. Muka buɗe wayarsa muna neman saƙon rajistar sunan, muka duba imel ɗinsa daga sama har ƙasa, babu ko ɗaya, domin wanda ya gina shafin da imel ɗin kansa ya yi rajistar, kuma ya canza lamba ya bar sana'ar. Duk gargaɗin da kamfanin rajista ya aiko cewa wa'adi ya kusa cika, can ya tafi. Kafin a gano bakin zaren, lokacin fansa ya wuce, wani ya yi rajistar sunan. Abin ya dame ni ƙwarai, domin mutumin bai yi sakaci da biyan kowa ba, abin da bai sani ba ne ya cuce shi. Saboda haka sunan shafinka, kai za ka yi rajistarsa, da imel ɗinka da katin bankinka, ko da matashin yana zaune kusa da kai yana nuna maka inda za ka danna. Haka ma asusun masauki. Ka lura kuma cewa sunan da ya ƙare da .com ba a iya mayar da shi wani kamfanin rajista sai ya yi kwana 60 da rajista, don haka ka zaɓi kamfanin da natsuwa tun farko.

Sai batun kuɗi, inda ku biyu da ƙaninka kuka saɓa. Kada ka kwatanta kuɗin yau da na yau. Ka ɗauki takarda ka lissafa abin da kowace hanya za ta ci a shekara uku. A ɓangaren WordPress, manhajar kanta kyauta ce, amma za ka rubuta kuɗin gini, da hayar suna sau uku, da masauki sau uku, da kuɗin duk wani ƙarin da aka saya, da ladan mai kula da shafin. Ka nemi farashin sabuntawa na masauki, ba farashin shekarar farko ba, domin al'adar kamfanonin ce su yi rangwame mai yawa a shekarar farko sannan su koma ainihin farashi a ta biyu. A ɓangaren Wix, tsarin kyauta yana ɗora tallar kamfanin a kan shafinka, adireshinka kuma yana ɗauke da sunansu, kuma ba za ka iya karɓar kuɗi daga mai saye ba sai ka koma tsarin biya. Da zarar ka koma, ka shiga biyan wata-wata ko shekara-shekara har ranar da ka rufe. Blogger ce kaɗai a cikin waɗanda ka ambata take kyauta da gaske, har tana barin ka liƙa sunan da ka saya, sai dai don rubutu aka yi ta, ba ta da kanti, kuma jera kaya masu yawa a cikinta wahala ce. Wani abu da ke rikita mutane: WordPress.com kamfanin masauki ne na Automattic mai nasa tsare-tsaren biya da iyakokinsu, WordPress.org kuma nan ne ake ɗaukar manhajar kyauta. Ka tambayi matashin wanne yake nufi.

Akwai kuma kuɗin da ba ya fitowa a takarda, wato lokacinka. Idan ka ce da kanka za ka gina, sa'o'in da za ka kwashe kana jan akwatuna a allo, daga lokacin ciniki za ka cire su.

Ma'auni na gaba ba a yin sa da ji, gani ya kori ji. Ka sa matashin ya buɗe maka shafin gwaji, kai kuma ka buɗe asusun kyauta a Wix, sannan ka yi aiki iri ɗaya a kowanne, da wayarka, ba da kwamfutarsa ba: ka rubuta bayani guda kan yadda ake zuba wa keke mai, ka ɗora hotuna uku, ka saka kaya ɗaya da farashinsa, sannan ka koma ka canza farashin. Inda ka maƙale har ka kira wani, nan za ka riƙa maƙalewa duk mako. Idan da Hausa za ka riƙa rubutu, ka rubuta kalmomi irin su ƙarfe da ɗinki da ɓarawo a take da cikin rubutun, ka duba ko ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai da sauran haruffa, domin akwai samfuran rubutu masu kyau da ba su da waɗannan haruffa, sai ka ga sun fito da wata siffa daban ko ɗan akwati. Daga nan ka buɗe shafin a ƙaramar waya a inda sabis ba shi da ƙarfi, ka ga tsawon lokacin da zai ɗauka. Mafi yawan masu sayenka ta waya za su shigo, kuma Google ma sigar waya ta shafi yake dubawa wajen jera sakamakon bincike. Ka duba har wa yau ko manhajar tana barin ka ba yaron shagonka ikon rubutu ba tare da ikon goge shafin ba. WordPress tana da matakai biyar na masu amfani, daga mai cikakken iko har zuwa mai karatu kawai.

Inda nake son ka fi sa hankali game da WordPress shi ne kulawa. Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke, wanda ke nufin duk inda ka je za ka samu wanda ya iya gyara ta, ba za ka zama fursunan mutum ɗaya ba. Sai dai wannan yawan ne kuma ya sa ɓarayin intanet suka fi kai mata hari. Galibin ƙofofin da suke bi ba a cikin uwar manhajar suke ba, suna cikin ƙananan manhajojin da ake ƙara mata, waɗanda na kyauta kawai sun haura dubu hamsin, wasu kuma masu su sun daina sabunta su tuntuni. Ka tambayi matashin guda nawa zai saka, me kowacce ke yi, kuma ko akwai ta kuɗi da ya samo ta bayan fage ba da lasisi ba, domin irin waɗannan ba sa samun sabuntawa, kuma sau da yawa an cusa musu mugun abu. Ka tambaye shi wa zai riƙa sabunta shafin, sau nawa ake ɗaukar kwafin ajiya, kuma a ina ake ajiye shi, domin kwafin da ke zaune a kwamfuta ɗaya da shafin tare za su tafi. Shaidar tsaron da ke sa adireshi ya fara da https wajibi ce, tunda tun 2018 Chrome ke yi wa shafin da ba shi da ita tambarin rashin tsaro, amma wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt na ba da ita kyauta kuma yawancin masaukai sun haɗa ta, don haka kada a caje ka kuɗi mai yawa a kanta. A wannan fannin gidan haya ya fi sauƙi ƙwarai, domin Wix da ire-irenta su ke ɗauke da nauyin tsaro da sabuntawa, kuma wannan ne ainihin abin da kake biya.

Drupal da Joomla manhajoji ne nagari, amma sun fi ƙarfin buƙatarka, kuma masu iya su sun fi ƙaranci. Ghost ta ƙware a rubutu da aika wasiƙu ga masu biyan kuɗin karatu, ba a jera kaya ba. Shopify kanti ce ta gaske, ta dace da wanda cinikinsa ya riga ya koma intanet.

Kai kuwa, a yadda ka bayyana, rubutu ne zai jawo maka mutane, ciniki kuma a WhatsApp ake ƙulla shi. Don haka ban ga dalilin gina cikakken kanti mai kwando da biyan kuɗi a ranar farko ba. Shafin kaya mai hoto da bayani da maɓallin da zai kai mai saye WhatsApp ɗinka ya isa. Idan oda ta yi yawa, sai a ƙara WooCommerce, manhajar kanti wadda aka yi don WordPress kuma kyauta ce, bayan ka tabbatar cewa kamfanin karɓar kuɗin da ke aiki a ƙasarku yana haɗuwa da ita.

Ra'ayina shi ne ka tafi da WordPress tare da matashin, matuƙar lissafin shekara ukun nan ya nuna kana iya ɗaukar kuɗin kulawa ba tare da ka taɓa uwar kuɗinka ba. Idan ba za ka iya ba, to ka bi ƙaninka, ka fara rubutu a Blogger da sunan da ka yi rajista da kanka, domin shafin WordPress da aka yi watsi da shi ya fi rashinsa haɗari, kuma rubutun Blogger ana iya kwashe shi zuwa WordPress daga baya. Idan kun daidaita da matashin, ku rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce, a bayyana abin da kuɗin shekara ya ƙunsa, kuma ka riƙe wani kaso na kuɗin aiki. Kada ka biya cikon sai ranar da ka shiga shafin da asusunka mai cikakken iko, ka wallafa rubutu ɗaya da hannunka, ka sauke kwafin ajiya zuwa na'urarka, kuma ka ga sunanka da imel ɗinka a asusun rajista da na masauki.