Tambayoyi da Amsoshi: Sunan Shafin Kasuwarka, a Hannun Wa Yake?

Tambaya daga wani Alhaji mai kilishi a Sabon Gari, Maraɗi: Malam, ina aika kaya Yamai da Damagaram, har Katsina da Kano. Ɗana ya ce mu buɗe shafi a intanet, sai muka tsaya kan suna. Kilichi za mu rubuta ko kilishi? Kuma .com ya fi ko .ne?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara albarka a kasuwa. Wannan matsala tamu ce ta bakin iyaka. Wanda ya yi lakwal a nan Nijar zai rubuta kilichi da Oumarou, mutumin Katsina kuwa kilishi da Umaru zai rubuta. Kwamfuta ba ta san abu ɗaya suke nufi ba. Harafi guda ya canza, an tafi wani gida. Shawarata, ka duba inda mafi yawan masu sayenka suke, ka ɗauki rubutunsu. In da hali, ka yi rajistar duka biyun, a juya na biyu ya riƙa kai mutane ga na farko.

Kafin ka biya, ka gwada sunan a salula. Kira mutum uku, ka faɗa musu da baki, ka ce su rubuto maka ta WhatsApp. In biyu sun yi kuskure, nemi wani. Ƙa'ida ta yarda suna ya kai haruffa 63, amma wa zai riƙe wannan a ka? Kalma biyu sun isa. Haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, akwai hanyar saka su, sai dai wayoyi da yawa ba su da su a madannai. Ina ƙaunar rubutun Hausa daidai, amma a adireshi ka rubuta maradi kawai, ka bar ƙugiyar ga allon shago.

Su .com da .ne haruffa ne da ke zuwa a ƙarshen sunan shafi. Shi .ne na Nijar ne, kamar yadda .ng yake na Nijeriya, kuma yana nuna kai ɗan gida ne. Tunda kayanka na tsallaka iyaka, ni .com zan fara ɗauka, domin shi hannun mutane ya saba bugawa.

Tambaya daga wata Hajiya mai turaren wuta a unguwar Zariya: Bara wani yaro ya yi mini shafi, na biya shi. Yanzu ya yi tafiya, lambarsa ba ta shiga, shafin kuma ya daina buɗewa alhali sunan na kan robobina duka. Yaya zan yi?

Amsa: Hajiya, sannu da wannan damuwa. Tambayarki ce ta fi taɓa ni a makon nan, don na sha ganin irinta.

Sunan shafi ba a sayensa a gama. Haya ce, kamar rumfa a kasuwa: ana biyan shekara 1 zuwa 10, in wa'adi ya cika ba a sabunta ba, sai a rufe. Kuma mai rumfar a idon kamfanin rajista shi ne wanda sunansa da imel ɗinsa ke cikin takarda. Ina kyautata zaton yaron da nasa imel ya yi rajista, saƙonnin tunatarwa duk can suka tafi, ke ba ki gani ba.

Yau ɗin nan ki sa wani ya buɗe shafin binciken rajista na ICANN, hukumar da ke tsara sunayen intanet tun 1998, ya rubuta sunan shafinki. Zai nuna kamfanin da aka yi rajista a wurinsa da ranar ƙarewar wa'adi. In .com ne, yawanci akwai ɗan jinkiri bayan ranar, wanda bai wuce kwana 45 ba, sannan kwana 30 na fansa da kuɗi mai tsada, sannan kwana 5 kafin a sake shi ga duk wanda ya riga. To amma fansar ma sai ta hannun mai asusun da aka yi rajistar sunan da shi. Saboda haka ki nemi yaron ta wajen iyayensa ko abokan aikinsa, cikin lalama, ya sabunta ya kuma mayar da sunan cikin asusunki. In ba a same shi ba, ki riƙe ranar da za a sake sunan, ki kama shi da wuri.

Nan gaba, imel naki, lambar salula taki, kalmar sirri a littafinki. Mai gina shafi aikinsa gini, ba a ba magini takardar fili. Kuma idan saƙon tabbatar da imel ya zo bayan rajista, ki danna shi kafin kwana 15, in ba haka ba ana iya dakatar da sunan.

Tambaya daga wani matashi mai ɗinki a Ali Ɗan Sofo: Yaya, nawa ake biya don rajistar sunan shafi, kuma ta ina?

Amsa: Ƙanena, .com yakan kama dala 10 zuwa 15 a shekara, dalar Amurka nake nufi, wato wajen jikka 6 zuwa 9 na sefa. Kamfanoni irin su Namecheap, GoDaddy da OVH suna karɓar katin Visa ko Mastercard. In ba ka da shi, wani amintacce ya biya da nasa, amma asusun ya zama naka. Ka duba kuɗin sabuntawa kafin rangwamen shekarar farko ya ja ka, sau da yawa na shekara ta biyu ya fi. Masaukin da za a ajiye hotunan ɗinkinka kuɗinsa daban ne. In aljihu bai kai ba tukuna, kama sunan yanzu, ka sa ya riƙa kai mutane shafinka na Facebook har ka shirya.