Me ya sa ake renon ƙwayoyin halitta a cikin haidirojel?

Ka tambaya me ya sa masu binciken gyaran sassan jiki suka fi son haidirojel a kan farantin ɗakin gwaji wajen renon ƙwayoyin halitta. A jiki, ƙwayar halitta tana zaune ne cikin raga mai laushi, jiƙe da ruwa. Haidirojel ma raga ce ta dogayen zaruruwa da ake kira polima, ruwa kan haura kashi 90 cikin 100 na nauyinta, shi ya sa abinci da oksijin ke ratsa ta. Ana yin ta da kolajin (furotin da ke cikin fata da ƙashi), jelatin ko aljinet na ciyawar teku, amma ƙwayoyi ba sa manne wa aljinet sai an ƙara masa RGD, wani ɗan guntun furotin da ƙwayoyi ke kamawa. Abin da ya fi damuna rashin jijiyoyin jini ne a cikin haidirojel: ƙwayar da ta yi wa tushen oksijin nisa fiye da maikiromita 200 (kashi ɗaya cikin biyar na milimita) takan mutu.