Me Ya Hana Motar Haidirojin Cika Kasuwa?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa na'urar da ke haɗa haidirojin da iskar oksijin ta ba motar haidirojin wutar lantarki har yanzu ba ta yi araha ba, alhali tun 1839 masanin kimiyya William Grove ya gwada ta a Birtaniya. To, matsalar tana cikin kayan da ake ƙera ta da su.

Babban abin da ya ɗaure ta shi ne filatinam, wani ƙarfe mai daraja. Shi ke raba ƙwayar haidirojin, amma yana da tsada, kuma mafi yawansa daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi. Shi ya sa masana suke farfasa shi zuwa ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, su barbaɗa a kan garin gawayi, don kaɗan ya yi aikin mai yawa. Ga shi da tsirfa: ɗan gurɓataccen iskar kabon monoksaid a cikin haidirojin ya isa ya toshe shi.

Sai fatar da ke tsakiyar na'urar, irin Nafion da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a shekarun 1960. Siririya ce kamar leda, tana barin firoton, wato ɓangare ɗaya na ƙwayar haidirojin da aka raba, ya wuce, ta tare lantarki. In ta bushe ba ta aiki, in ruwa ya yi yawa ta shaƙe.

Tankin haidirojin ma wani aiki ne. Motar Toyota Mirai, da ta fito a 2014, tana ɗaukar haidirojin a matsin bar 700, wato kusan ninki 700 na matsin iskar da ke kewaye da mu, cikin tankin da aka naɗe da zaren kabon, kuma wannan zaren shi kansa ba arha ba ne.