Amsa ga Hajiya kan ciwon jikin da gwaji bai nuna ba

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya, na saurari saƙonki kan ƙanwarki: shekara guda da rabi jikinta na ciwo ko'ina, barci ba ya wartsakar da ita, an yi gwaje-gwaje an ce lafiya lau, har wasu sun fara cewa raki ne ko iska. To, ba a gane cuta ta waya, amma abin da kika kwatanta ya yi kama da faibiromayaljiya.

Ciwon gaskiya ne, ba raki ba. Matsalar ba a ƙashi ko tsoka take ba, a jijiyoyi da ƙwaƙwalwa take. Kamar rediyon da aka ƙure wa murya, ɗan taɓi kaɗan sai ya zo mata da zafi. Shi ya sa hoto da gwajin jini suke fitowa fes. Cutar ta fi kama mata fiye da maza. A ƙa'idar gano cutar ta shekarar 1990 likita kan danna wurare 18 a jiki, in 11 suka yi zafi a ce ita ce. Tun 2010 an daina dogaro da wannan. Yanzu ana duba ciwon da ya bazu sama da ƙasa, dama da hagu, ya kai wata uku, ga gajiya, ga rashin barci mai daɗi, ga mantuwa da nauyin kai.

Kafin a ce ita ce, a duba yawan jini, a yi gwajin tayirod (ƙwayar da ke gaban wuya), gwajin kumburin jiki, da bitamin D in da hali, don matsalar waɗannan kan kwaikwayi cutar. Amma don Allah a daina yi mata maganin taifot da maleriya duk wata.

Sai maganar magani, a nan mutane suke cutuwa. Diklofenak da ibufurofen ba sa wani tasiri a kanta, tunda ba kumburi ba ne, sai dai su bar mutum da gyambon ciki da ciwon ƙoda. Haɗin kemis ɗin nan da ake ƙullewa a leda, sau da yawa akwai deksametason ko firednisolon a ciki, su kumbura fuska, su tada suga da hawan jini, ciwon kuma na nan. Taramol kuwa, kin san abin da ya yi wa matasanmu, a bar shi. Wanda likitoci suka fi farawa da shi shi ne amitiriftilin, miligiram 10 da dare, kamar awa biyu kafin kwanciya, a ƙara a hankali zuwa 25 in jiki ya ɗauka. Yana busar da baki, yana sa magagi da safe da taurin bayan gida, kuma sai ya yi sati biyu zuwa huɗu kafin a ji bambanci. Wasu tun a kwanakin farko suke jefar da shi su ce bai yi ba. Akwai kuma wasu magungunan, dulokzetin da firegabalin. Dukkansu likita ne zai rubuta, musamman ga mai ciki, mai ciwon zuciya ko dattijuwa, kuma kada a haɗa su da taramol, yana iya kawo jijjiga.

Abin da ya fi magani ƙarfin hujja shi ne motsa jiki, amma da dabara. Ta fara da tafiya minti biyar a tsakar gida, da sanyin safiya ko bayan la'asar. Duk sati ta ƙara minti ɗaya ko biyu, har ta kai minti 20 zuwa 30, sau uku a sati ko fiye. Satin farko ciwon kan ɗan ƙaru, wannan ba lahani ba ne. In ya tashi sosai ya wuce kwana guda, ta koma mintin da ta baro, kada ta tsaya cak. Kuskuren da aka fi yi: ranar da ta ji dama-dama sai ta haɗa wanki da shara da daka, ta kwanta kwana uku. A raba aikin, minti 15 ta huta biyar, tun kafin ciwon ya tsayar da ita. Wanki a kan kujera, ba a duƙe ba. Ruwan ɗumi yana sassauta jiki.

Barci kuma, lokacin kwanciya da tashi su zama ɗaya kullum. Shayi mai ƙarfi, kofi da goro a bar su daga azahar, ƙailula kada ta wuce minti 30, waya ta bar gado. In akwai damuwa ko ƙunci a faɗa wa likita, don suna hura ciwon. Ku kuma 'yan gida, kalmar "ai lafiyarki ƙalau" ku daina faɗa mata.

Cutar ba ta lalata gaɓa, ba ta gurguntawa, tana dai tashi tana lafawa. Amma in kika ga zazzaɓi mai naci, rama, gumin dare, gaɓa ta kumbura ta yi zafi, ko hannu ko ƙafa ya mutu, to wannan wani abu ne daban, a koma asibiti ba tare da jira ba. Allah ya ba ta lafiya.